Takardar haihuwa da takardar asali a ƙauyenmu: yadda na ga aikin mai unguwa, dagaci da sakatariya

Cikin wata uku da suka wuce buƙata biyu ta kai ni gaban hukumomin da ke kula da ƙauyenmu. Ta farko ita ce neman takardar haihuwa ga 'yar da Allah ya ba ni a ƙarshen damina, ta biyu kuma neman takardar shaidar asali, wadda kowa yake kira indijin, ga ƙanena da ya gama sakandare yake son shiga kwalejin ilimi. Ni malamin firamare ne, kuma shekara da shekaru ina fama da rajistar aji wadda ranakun haihuwar yara a cikinta yawanci ƙiyasi ne, saboda haka na zuba ido sosai a kan yadda aka yi mini waɗannan ayyuka biyu, na kuma ga ya dace in rubuta abin da na gani domin amfanin waɗanda suke zaune a ƙauyuka irin namu.

Ƙauyenmu ƙarami ne a karkarar Kano, unguwa biyu ce da rugar Fulani a bakin fadama. Muna da mai unguwa, dagacinmu yana zaune a garin da ke gaba da mu inda kasuwa take ci, hakimi kuma yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kusa da sakatariya. Wannan shi ne tsanin da duk mai neman takarda zai taka: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan ofishin gwamnati. A ɗaya ɓangaren akwai kansila da ciyaman, waɗanda tsarinsu ya samo asali daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da aka shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa a madadin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya da ake mulkin ƙasa da ita tun zamanin Turawa. Yau Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44 daga ciki, kuma tamu ɗaya ce daga cikin waɗanda hanyar zuwa ƙauyukansu take yankewa idan ruwa ya sauka da ƙarfi a watan Agusta.

Zan fara da rajistar haihuwa, domin a nan ne na ga aikin da ya faranta mini rai. Kwana biyu da haihuwar, tun kafin in je in sanar da kowa a hukumance, mai unguwa ya riga ya sani, saboda ungozomar da ta yanke cibi ta faɗa masa. Ranar suna kuma, bayan an raɗa suna an shafa fatiha an raba goro, wanzami ya gama askin jaririya ya biya ta zauren mai unguwa ya tabbatar masa da sunan. Da yamma da na je yi masa godiya na tarar da littafin da yake rubuta haihuwa a buɗe a kan tabarma, irin littafin nan mai kauri da 'yan makaranta suke amfani da shi, an ja masa layuka da biro da hannu: sunan jariri, sunan uba, sunan uwa, gida, ranar haihuwa. Ya nuna mini layin 'yata ya ce, "Malam, duba ka gani ko na rubuta daidai, kai ne mai boko." Na ce, "Baba, daidai ne, Allah ya ƙara girma." Ya rubuta ranar da watan Musulunci, a gefe kuma ɗansa ya ƙara masa ta watan Bature.

Wannan littafi ba ƙirƙirar mai unguwarmu ba ce shi kaɗai. A shekarun yaƙi da cutar shan-inna da ƙoƙarin ƙarfafa rigakafin yara aka jawo masu unguwanni da wanzamai da ungozomomi a jihohin arewa, aka nemi su riƙa rubuta duk jaririn da aka haifa su haɗa shi da asibiti mafi kusa. A watan Agusta na 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye a wancan zamani ya san rawar da sarakunan gargajiya suka taka kafin a kai ga haka. Abin da ya rage mana daga wannan aiki shi ne al'adar rubutawa, kuma a ganina ita ce gado mafi daraja da ya bari a ƙauyenmu.

Malamin rajista yana zuwa asibitinmu na sha-ka-tafi sau ɗaya a wata, a ranar da ake rigakafi, kuma wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, domin rana ce da mata suke fitowa da jariransu ko da ba a yi shela ba. Yana zama a kan benci a ƙarƙashin darbejiya da babbar wayarsa ta aiki, littafin mai unguwa yana gefensa, ma'aikaciyar lafiya tana miƙo masa katin rigakafin kowane yaro. Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora wannan aiki a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta kuma tanadi a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa. A watan Nuwamba na 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin yin rajistar ta na'ura, shi ya sa yanzu ake shigar da bayanai a waya maimakon cike fom da hannu kawai. Ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba, ban kuma ga an karɓa a hannun kowa ba, duk da cewa na zauna a wurin tun daga hantsi har azahar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutumin ya san mutanen da yake yi wa aiki. Wata yarinya matashiya ta zo da ɗanta na fari, ya tambaye ta sunan yaron, sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe baki. Bai tsawata mata ba, bai kuma maimaita tambayar ba, domin ya san kunyar ɗan fari ce, wadda take hana uwa furta sunan ɗanta na farko a gaban jama'a. Ya waiwaya ya ce wa dattijuwar da ta rako ta, "Inna, ke ki taimake mu da sunan maigidan naki," sai kakar ta yi dariya ta faɗa, ya duba littafin mai unguwa ya ga sun dace, ya shigar. Haka kuma idan mace ta ce ta haihu "kwana uku da shigar watan Azumi" ko "ana saura mako guda Babbar Sallah," yana da kalanda mai ɗauke da watannin biyu a aljihunsa, sai ya lissafa ya fitar da ranar. Ya kuma dage a kan tambayar sunan yanka, domin uwa takan ce Indo alhali sunan A'isha ne, ko ta ce Habu ko Garba alhali Abubakar aka raɗa. Wanda bai taɓa zama da rajistar aji ba ba zai gane girman wannan ba, amma ni na ga yara da yawa da sunan gida ya bi su har takardar jarrabawa, daga baya gyaran ya zama wahala da kashe kuɗi.

Cikas ɗin da aka samu a ranar daga rashin sabis ne. Ƙauyenmu yana cikin kwari, waya ba ta kamawa sai an hau tudun bayan makaranta, saboda haka bayanan suna zama a cikin na'urar har sai ya koma inda akwai intanet ya tura. Takardar 'yata ba ta iso ba sai a zuwansa na gaba, ya miƙa wa mai unguwa, shi kuma ya aiko yaro ya kawo mini har gida. Wata guda na jira, kuma ban ɗauki wannan a matsayin laifin kowa ba. Abin da kawai nake fata shi ne a samu mai taimaka masa, domin mutum ɗaya ne yake zagaya ƙauyuka masu yawa a kan babur, kuma matar da ta rasa ranar zuwansa saboda rashin lafiya ko biki sai ta jira wani watan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista a Najeriya, kuma ba sai an faɗa ba, yawancin waɗanda suka rage a karkara suke.

Akwai wani abu da ya faru a gindin darbejiyar nan wanda ya tsaya mini a rai. Wani tsoho daga ruga ya zo da jikokinsa uku, ya daɗe a tsaye yana kallo kafin ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, wannan rubutun da ake yi, ba dai jangali za a dawo da shi ba?" Tambayarsa tana da tushe. A zamanin En'e, idan aka ga dagaci da malaminsa suna bi gida-gida suna rubuta sunaye, ƙidayar haraji ce, idan kuma suka nufi ruga, ƙirgar shanu ce domin jangali. Mutane sukan ɓoye samarinsu, makiyaya sukan kora rabin garke cikin daji. Sai da Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulkin tsohuwar jihar Kano a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP aka soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. An fi shekara 40 da yin haka, amma wanda ya ga an ɗaure mahaifinsa a rana saboda kuɗin haraji ba ya manta ma'anar alƙalami a hannun hukuma. Mai unguwa ne ya taso da kansa ya riƙe hannun tsohon, ya ce masa takarda ce ta shiga makaranta da asibiti, kuma ga jikokinsa shi ma an rubuta. Da baƙo ne daga birni ya ba shi wannan amsa, na tabbata da ya juya da yaransa.

Daga nan ne na fara tunanin wane ne ya san yawanmu a zahiri. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta watan Maris na 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140.4 a ƙasa baki ɗaya, da miliyan 9.4 a jihar Kano. An shirya wata a watan Mayu na 2023, aka ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan a fara. Ma'ana, yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar nan yanzu wasunsu sun yi aure sun haihu, kuma duk lissafin da ake yi na ajujuwa da allurai da takin zamani a kan hasashe yake tafiya, alhali yawan jama'a yana cikin ma'aunan da ake raba kuɗin tarayya da su. Ga kuma wata matsala ta musamman ga ƙauye irin namu: ƙidaya tana ƙirga mutum ne a inda ta same shi, watan Maris kuwa tsakiyar rani ne, lokacin da samarinmu suke ci-rani a Legas da Abuja da Fatakwal, yara maza da dama kuma suna makarantun allo a wasu garuruwa. Wanda ya zo ƙauyenmu a watan Yuli ya ga gonaki cike da majiya ƙarfi, ya dawo a watan Maris ya tarar da tsofaffi da mata da ƙananan yara, zai rantse garuruwa biyu ya ziyarta. Mai unguwa kuwa zai iya lissafa maka gida-gida wanda yake nan, da wanda ya tafi zai dawo da faɗuwar ruwa, da wanda ya tafi ke nan ya kwashe iyalinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk da haka littafin nasa yana da giɓi babba, kuma giɓin daga gare mu yake. Muna rubuta haihuwa, ba ma rubuta mutuwa. Mutum zai rasu da asuba, a yi masa sutura kafin azahar kamar yadda addini ya koyar, a yi zaman makoki na kwana uku, babu wanda zai tuna da takarda sai ranar da aka zo rabon gado a kotu ko neman haƙƙin ma'aikaci. Jariran da suke komawa kafin suna kuwa ba sa shiga ko'ina. Haka ma 'yan matan da ake aurarwa zuwa wasu garuruwa da amaren da ake kawo mana. Littafin da yake ƙaruwa kullum ba ya raguwa ba zai ba da adadi na gaskiya ba, kuma na faɗa wa mai unguwa hakan cikin ladabi, ya amsa cewa zai ware shafuka a bayan littafin idan liman ya yarda ya riƙa sanar da shi duk jana'izar da ya sallata.

Takardar asali ta ƙanena kuwa labarinta ya rabu gida biyu. Rabin farko ya tafi sumul. Mai unguwa ya rubuta 'yar wasiƙa cewa ya san yaron ya san ubansa da kakansa. Ranar kasuwa muka je fadar dagaci, muka cire takalma muka durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne yake neman takardar asali." Dagaci bai dubi wasiƙar ba sai da ya dubi yaron, ya tambaye shi ɗan wane gida ne, da ya ji sunan mahaifinmu sai ya ambaci gonarmu ta bakin rafi da shekarar da aka sasanta iyakarta, sannan ya sa hannu ya buga hatimi. Duk abin bai ɗauki rabin sa'a ba. A ofishin hakimi ma magatakarda ya duba hatimin dagaci ya ƙara nasa a ranar.

A sakatariya ne tafiyar ta yi tsami. Sau uku muka je. Zuwan farko aka ce fom ya ƙare, na biyu aka ce mai sa hannu ya tafi taro a birni kuma babu wanda aka bar wa izini, sai a na uku muka samu. Kowane zuwa kuɗin babur ne na mutum biyu zuwa da dawowa, wanda ya fi cefanen yini a gidana, ga kuma aji da na bari a hannun abokin aiki. Babu allo ko takarda a bango da ke nuna kuɗin da ake biya da abubuwan da ake buƙata, saboda haka kowa da abin da yake faɗa maka a baranda, kuma sai da muka isa muka ji ana son hoto ƙarami guda biyu, dole muka fita neman mai hoto. Abin da na biya ya fi abin da aka rubuta a rasit ɗin da aka ba ni, da na yi magana aka ce ragowar na buga takarda ne. Ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, rashin bayyana shi ne, domin manomin da bai iya karatu ba ba shi da hanyar sanin inda haƙƙin hukuma ya tsaya. Sannan wanda ya buga takardar ya rubuta sunan mahaifinmu da wani salon haruffa dabam da wanda yake kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta yaron, wato NIN, Mohammed a nan, Muhammad a can. Da ban tsaya na karanta harafi-harafi kafin mu bar wurin ba, da sai an kai ga takardar rantsuwa a kotu, tunda tun 2021 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da NIN, kuma makarantu suna gwada sunayen takardu da juna.

Abin ya fi ba ni takaici idan na tuna cewa jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukumar da take da wannan matsayi ba ta rasa kuɗin da za ta buga fom ta ajiye, ko ta liƙa farashi a ƙofa, ko ta wakilta mutum na biyu ya sa hannu idan na farko ba ya nan. A gefe guda kuma mai unguwar da yake ɗauke da tushen aikin duka, abin da ake ba shi na alawus bai taka kara ya karya ba, littafi da biro ma da kuɗinsa yake saya.

Ba zan rufe ido a kan wani rauni na tsarin shaidar dagaci ba, ko da yake ni ya yi mini daɗi. Ya yi mini sauƙi ne saboda an san kakana. A ajina akwai yaran da iyayensu suka zo daga wata jiha tun kafin a haife ni, a nan suke noma, a nan suke binne matattunsu, yaran ba su san wani gari ba sai wannan. Kundin tsarin mulki ya ambaci kalmar ɗan asalin jiha a wajen naɗin ministoci ba tare da ya fayyace wane ne shi ba, saboda haka makomar irin waɗannan yara tana rataye ne a kan adalcin wanda yake riƙe da hatimi. Dagacinmu yana sa musu hannu, kuma ina yaba masa a kan haka, amma abu ne da ya kamata a ce rubutacciyar ƙa'ida ce ta ba su, domin kada ranar da sarauta ta koma hannun wani su wayi gari ba su da garin da zai amsa sunansu. Takardar haihuwar da ake ba jariransu yanzu aƙalla tana tabbatar da inda aka haife su da ranar, kuma wannan hujja ce da iyayensu ba su taɓa riƙewa ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya a ƙauyensu, shawarata ita ce ya kai jaririnsa ranar rigakafi tun kafin a yi arba'in, ya tafi da katin asibiti da lambar NIN ta uba ko ta uwa idan akwai, ya kuma zaɓi salon rubuta sunan iyalinsa guda ɗaya ya rubuta a takarda ya riƙe a aljihu, duk ofishin da ya shiga ya miƙa a kwafa. Mai zuwa sakatariya kuma ya fara tambayar kansilan mazaɓarsu ranar da mai sa hannu yake zama, ya tafi da hotuna, ya nemi rasit, kada kuma ya bar harabar sai ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa ko ya sa an karanta masa.

Da na mayar wa mai unguwa labarin yadda muka ƙare, ya shiga ɗaki ya fito da littafin da ya gabaci wannan, wanda ya fara rubutawa a ciki shekarun baya. Gara ta cinye gefensa na ƙasa, damshin damina ya narkar da tawadar shafuka da dama, kuma a cikin sunayen da suka ɓace akwai na yaran da suke aji huɗu da aji biyar a hannuna yanzu. Na karɓo shi a nannaɗe cikin leda. Ni da malamai biyu muna zama bayan an tashi makaranta ranar Laraba muna kwafe abin da yake karantuwa a sabon littafi, inda kuma rubutu ya goge sai mu aika a kira uwar yaron ta zo ta gaya mana watan da ta haihu.